Sakatar Ɗakin Dusa

Ranar wata Talata awakin matata suka shiga ɗakin dusa suka ci har huɗu daga cikin bakwai suka mutu. Ni na bar musu ƙofar a buɗe. Na faɗa tun yanzu don kada kowa ya wahalar da kansa da neman mai laifi. Nuna inda kuskure yake shi ne aikina shekara talatin da ɗaya.

Mai gyaran rubutu ne ni a wata maɗaba'a. Duk abin da za a buga, daga littafin makaranta har takardar sanarwa, sai ya bi ta ƙarƙashin jan birona. Na karanta littattafai da yawa, na kirki da na banza, kuma babban abin da na samu a cikinsu shi ne iya raina mutum da jimla mai kyau. Matata kuwa magani take bayarwa a asibitin yara. Daga takwas zuwa huɗu tana zaune bayan wata 'yar taga, tana karanta rubutun likitoci wanda ko ni ba na iya warwarewa, tana auna magani gwargwadon nauyin yaro. Shekara ashirin da shida ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Ni da nake cin abinci da kurakuran mutane, wannan bai taɓa yi mini daɗi ba.

Awakin nata ne, ita kaɗai. Da guda ɗaya ta fara, wadda mahaifiyarta ta bar mata, a ɗan filin bayan gida da muka kewaye da waya. Ina kiranta Uwar Awaki. Ita kuma tana kirana Malam, da wata murya da ba girmamawa a cikinta ko kaɗan.

Kafin gari ya gama wayewa ta tashi. Ta share garken, ta tara kashin a kusurwa, ta wanke bokitan ruwa ta cika su, ta cusa harawa a ragar da ta rataye don kada su tattake. Ta auna dusa da hatsi, gwangwani ɗaya ga kowace akuya, ba ƙari ko da sun yi kuka. Ta tatsi masu nono, ta buɗe wa kaji akurki. Daga ƙarshe ta ja ƙofar ɗakin dusa ta buga sakata da tafin hannu. Sakatar tsohuwa ce, mai tauri, ƙararta har ɗakin kwana. Sannan ta yi wanka ta saɓa sabulu sau biyu, don kada iyayen yara su ji warin akuya ta taga. Bakwai da kwata tana bakin titi tana jiran mota. Biyar na yamma ta dawo, ta ajiye jaka, ta zura tsohuwar riga, ta sake komai daga farko. Asabar kuma ta yankan kofato ce da cire kaska da sayo harawa.

Rabona a cikin wannan aiki shi ne kallo.

"Malam, ruwa kawai za ka zuba musu in na makara."

"Ni ma'aikaciyar asibiti na aura. Ba wanda ya gaya mini har da garke."

"Madarar da kake zubawa a shayi fa, daga littafi ake tatso ta?"

"Ki sayar da su ki huta. Mata sa'o'inki suna dawowa aiki su miƙe ƙafa."

"Maza sa'o'inka kuma suna ɗaukar bokiti."

Haka muke, shekara da shekaru, kuma ba zan ce ba ma jin daɗinsa ba.

Littattafai ne suka kawo matsalar. Sun cika falo, sun cika ƙarƙashin gado, sun fara hawa kan firji. Sai ta kafa doka: ba sabon littafin da zai shigo gidan sai tsoho ya fita. Na amince da baki. Na ci gaba da saye, ina ɓoyewa a cikin wani durum da ba a amfani da shi a ƙuryar ɗakin dusa. Ba wurin da ya fi shi a gidan, ba laima, ba ɓera, domin ita da kanta ta toshe kowace kafa da siminti. Ni sai takwas nake fita. In ta tafi, na zare sakata, na ɗauki wanda zan karanta a mota, na mayar.

Ranar Talatar na ɗauko wani littafin tarihi a kan yadda wata tsohuwar daula ta rushe. A bakin ƙofa na buɗe shi don in ga inda na tsaya. Sakin layin ya yi daɗi. Na karanta shi ina tafiya, na ratsa tsakar gida, na rufe ƙofar waje, na hau mota. Har na tashi aiki ban tuna da wata sakata ba.

Ta riga ni dawowa da rabin awa. Na same ta a durƙushe cikin kayan aikinta, farar rigar duk ƙasa. Buhuna biyu a yage, hatsi ya watse har bakin ƙofa. Awakin a kwance, cikin kowace ya kumbura ta gefen hagu kamar an hura shi, suna nishi, kumfa a baki. Tana ɗura wa ɗaya man girki da kwalba, ta daddanna mata ciki, ta koma kan ta gaba. Kaji suna ta tsattsagar abin da ya zube, ba ruwansu.

Likitan dabbobi ya zo da babur. Ya huda cikin awaki biyu da allura mai kauri, iska ta fita da wari. Uku suka miƙe. Huɗu ba su miƙe ba, har da Ja, jikar akuyar mahaifiyarta, mai cikin wata huɗu.

Yana wanke hannu ya ce, "Akuya ba ta san ƙoshi ba in ta samu hatsi. Wa ya bar ƙofar?"

"Ni ce ƙarshen shiga," in ji ta. Sai ta juyo gare ni. "Malam, ba ka ji na buga sakata ba?"

Na ji. Kowace safiya ina ji, da ita nake sanin lokacin tashina ya yi. Littafin yana cikin jakata, jakar tana rataye a kafaɗata.

"Ina banɗaki," na ce. "Ban ji komai ba."

Ta daɗe tana kallon ƙofar. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Haka Inna ta fara."

Mahaifiyarta ke nan. Da barin tukunya a wuta ta fara, ta koma ɓata a layinsu, ta ƙare tana tambayar 'yarta, "Ke 'yar wace ce?" Shekara huɗu matata tana jinyarta a ɗakin da yanzu na cika da littattafai. Na san wannan. Ina tsaye a wurin na san abin da maganata ta taɓa, kamar yadda nake sanin inda birona zai sauka tun kafin in gama karanta layi.

Washegari da ta tafi aiki na kwashe littattafan cikin buhu na kai ofis. Na buga sakatar da kyau.

Na sha ba kaina dalilai. Ranar farko na ce ranta a ɓace yake, bari ta huce. Bayan mako na ce yanzu in na faɗa laifi biyu ne, na ƙofa da na ƙarya. Bayan wata na ce ai ta manta. Duk an tsara su da kyau, amma ba na gaskiya a ciki. Na gaskiyar shi ne ban so ta dube ni yadda nake duban marubutan da nake yi wa gyara ba.

Ba ta manta ba. Ta sayo kwaɗo ta ƙara a kan sakata. Ta kulle, ta ja, ta tafi, ta kai ƙofar waje ta dawo ta sake ja. Wata rana ta dawo daga bakin titi, motar ta wuce ta bar ta. Matar da ba ta taɓa makara ba ta fara shiga asibiti takwas da rabi tana haki. A wurin aiki kuma, maganin da take aunawa sau ɗaya ta koma aunawa sau uku. Ta miƙa wa uwa kwalba, uwar ta juya, ta kira ta ta dawo don ta sake duba takardar. Layi ya yi tsawo har waje. Yara na kuka, iyaye na tsaki. Shugabar sashensu ta kira ta sau biyu a wata ɗaya.

Ƙarya tana son a riƙa ciyar da ita, ni kuma na ciyar da tawa fiye da yadda na taɓa ciyar da wata dabba a gidan. Duk mai rai yana mantuwa sau goma a yini, ba mai lura. Ni na fara lura, kuma lura ita ce sana'ata.

"Tabaranki yana kan goshinki, Uwar Awaki."

"Kin sa gishiri sau biyu, ko?"

"Wannan wutar tun ɗazu take ci."

Duk waɗannan gaskiya ne. Amma akwai ranar da ta tambaye ni ko ɗinkin rigata ya fito, ina tsakiyar shafi, ta katse ni, sai na ce, "Jiya ma kin tambaye ni." Ba ta tambaye ni ba. Ta tsaya da faranti a hannu, ta ce, "Jiya?" Na ce, "Ba komai, kowa yana yi." Na koma karatuna. Na ji ta ajiye farantin a hankali kamar mai tsoron ya fashe.

'Yarmu, wadda take aure nesa, ta bugo waya ta ce muryar mamanta ta canza.

"Baba, lafiyarta ƙalau kuwa?"

"Gajiya ce. Sai dai 'yar mantuwa."

"Irin ta Kaka?"

"Ni ba likita ba ne."

Ta zo ta kai ta asibiti. Aka yi hoton kai, aka yi mata tambayoyi, ta amsa duka. Likita ya ce bai ga komai ba. A hanyar dawowa matata ta ce haka likitan Inna ma ya ce da farko.

Wata biyar bayan mutuwar awakin, wata Lahadi da yamma, ta ajiye takarda a kan littafin da nake karantawa.

"Duba mini wannan. Kada in kai musu shirme."

Takardar barin aiki ce. Ta rubuta cewa ba ta ƙara amincewa da kanta ba, kuma wurin da take zaune ba wurin da ake gwada sa'a ba ne.

"Wa ya ce ki bari?"

"Ba kowa. Akuya ta mutu, an haƙa rami an binne. In ɗan mutum ne fa? Ɗigo biyar da ɗigo goma sha biyar, Malam, tsakaninsu ƙwayar lamba ɗaya ce."

"Kin taɓa yin kuskure a can?"

"Da ma ban taɓa barin ƙofa a buɗe ba, sai ranar da na bari."

Na zaro jan birona. Na karanta takardar sau biyu, layi layi, yadda nake yi wa aikin da za a buga dubu goma. Shafi guda cif, da hannu, ba gogewa, ba kalmar da ta zauna inda bai kamata ba. Masu digiri uku ba sa kawo mini irinta. Tana tsaye a kaina, tana jira, warin harawa a jikinta. In akwai lokacin magana, to wannan ne. Na rufe biron.

"Ba kuskure," na ce.

"To, ko wannan na iya."

Suka yi mata 'yar walima a ofis, suka ba ta agogon bango. Ta rataye shi a garke.

Bari in rubuta wannan ma, tunda na fara: na ji daɗin zamanta a gida. Shayina yana zuwa da zafi. Ina dawowa in tarar da abinci, ba sai na jira an gama da awaki ba. Dokar littattafai ta mutu da kanta, don ta daina yarda da ƙidayarta. In ta ce, "Wannan sabo ne?" sai in ce, "Ya daɗe a nan." Sai ta ci gaba da aikinta. Gardamar da muke yi ta ƙare. Da in na jefa magana ta dawo mini da biyu. Yanzu sai ta ce, "Wataƙila kai ne da gaskiya." Shekara talatin ina neman wannan jimlar daga bakinta, da na same ta kuma ba ta da ɗanɗano.

Ta cika gidan da 'yan takardu. A jikin murhu, a jikin famfo, a ƙofar akurki. Ta sayi ƙaramin littafi tana rubuta duk abin da ta yi: ƙarfe shida da minti goma, na ba su ruwa, shida da rabi, na kulle, na ja sau uku. Awaki ukun da suka rage sun yi ƙiba, sun haihu. Ita tana ramewa.

Wata rana tana yanke wa bunsuru kofato, ta riƙe ƙafarsa tsakanin gwiwoyinta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "In na fara tambayarka ko kai wane ne, kada ka bari yarinyar nan ta gani. Ka ce mata na yi tafiya."

"Ba za a kai can ba."

"A wane littafin ka karanta?"

Wannan ce ba'ar ƙarshe da ta yi mini.

Ba ƙwaƙwalwarta ce ta kashe ta ba. Hawan jini ne, wanda ta fi kowa sanin maganinsa. Daga baya na ga a ɗan littafinta cewa in ta kasa tabbatar ko ta sha na safe, sai ta ƙi sha, don kada ya zama biyu. Akwai ranaku da yawa irin haka.

Ranar wata Alhamis da safe, wata goma sha huɗu bayan waccan Talatar, na ji faɗuwar bokiti. Na same ta a gefen garke, bakinta ya karkace, awaki suna shinshina mayafinta. Maƙwabcinmu direba ya kai mu asibiti. Har azahar ba ta farfaɗo ba. Na zauna a kan kujerar roba kusa da gadon na fara shirya maganar. Na tsara ta, na rage ta, na cire duk wani "amma" da "ai". Na bar ta gajera, yadda ko mai rabin ji zai gane. A rayuwata ban taɓa gyara jimla da kyau haka ba.

Wajen ƙarfe biyu ta buɗe ido. Ta gane ni. Na matso, na buɗe baki, ta riga ni. Harshenta ya yi nauyi, sai da na sunkuya.

"Malam. Ɗakin dusa. Ban tabbata na kulle ba."

Ko da na roƙa a buɗe mini hanya, ba za a buɗe wadda ta fi wannan ba. Hannunta mai motsi yana riƙe da hannun rigata. Idonta cike da tsoron da ni na zuba a ciki.

"Bari in je in duba," na ce.

Ta saki rigar.

Minti arba'in ne a mota. Ƙofar a kulle take, sakata a ciki, kwaɗo a kai, ta ma ƙara ɗaure su da waya. Awakin sun taru a bakin raga suna kuka, ba su sha ruwa ba tun safe. Na ɗauki bokitin da ya faɗi na cika musu. Ban san yana da nauyi haka ba. Na tsaya na ga sun sha, har na ƙara musu harawa, kuma na san sarai ba tausayinsu ne ya tsayar da ni ba.

Da na koma an ja labule. Ma'aikaciyar jinyar, wadda ta san ta tun a asibitin yara, ta ce ba ta fi minti ashirin da rasuwa ba. Ta ce ta yi ta kallon ƙofa.

Mutane sun zo gaisuwa sun yaba mini. Sun ce na yi haƙuri da mai lalura. 'Yata ta rungume ni ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari." Na amsa duka yadda ake amsawa.

Shekara uku ke nan. Awakin yanzu tara ne. 'Yata ta ce in sayar, abokan aiki ma haka. Ina tashi kafin gari ya waye, in share, in wanke bokiti, in auna dusa, in tatsa da hannuwan da har yau ba su iya ba, akuya ta sa ƙafa a kwanon madara sau biyu a mako. Bayana ya lalace. Yaran ofis suna matsar da kujera in na zauna, suna zaton ban gani ba. Ƙarfe biyu na rana barci yake dukana a kan takarda, kuma bara na bar kuskure a bangon littafi, aka buga dubu biyar da shi. Mai maɗaba'ar ya ce tsufa ne. Aikin da na kasa riƙewa shekara uku, ita ta riƙe shi ashirin da shida, tana auna wa jarirai magani, ba ta taɓa zubar da ɗigo ba. Kada a ɗauka tuba nake yi da awakin. Awaki ba sa yafe wa kowa komai, abinci kawai suke so.

Jimlar tana nan yadda na gyara ta a kan kujerar roba, ban ƙara ba, ban rage ba. Ba ta da wanda za a karanta wa.

Lafiyarki ƙalau. Ranar nan kin kulle, na ji da kunnena. Ni na buɗe, littafi na je ɗauka.